Kafin a yanka fuloti a kangon masana'anta

Ranar wata Asabar ƙanina ya kira ni da sassafe, muryarsa cike da murna. "Yaya, in ba ka da uzuri ka zo ka raka ni, an samo mini fili." Shekara shida ke nan yana tari, yana zubin adashi, matarsa har ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, duk don su rabu da gidan haya. Na ɗauki hulata muka tafi.

Dillalin ya kai mu bayan wata doguwar katanga a gefen ɗaya daga cikin unguwannin masana'antu na Kano. Tsohuwar masana'anta ce da ta daɗe a rufe. An ɗaye rufinta, 'yan gwangwan sun kwashe ƙarafa, katafila ta baje sauran, an kakkafa turaku an ja igiya. Ga titi a kusa, ga falwayar wuta, kuɗin kuma bai kai na unguwannin da ke kewaye ba. Duk wanda ya taɓa neman muhalli a Kano ya san yadda irin wannan ke shiga rai.

Launin ƙasar ne ya tsayar da ni. Damina ta yi nisa, ko'ina kore shar, amma a tsakiyar filin akwai wani yanki da ko tsiron ciyawa babu, ƙasarsa toka-toka da ɗan shuɗi. Na nuna wa dillali. Ya ce, "Haba Alhaji, ai ƙasa ƙasa ce. Ka zuba tifa biyu ta jar ƙasa, ka yi daɓe, magana ta ƙare."

Can a inuwar tsohon ɗakin gadi wani dattijo na zaune yana jan carbi. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ake yi a nan a da?" Ya ce, "Jimar fata, ɗana. Inda kuka tsaya ɗin nan ramin ruwan magani ne. In ya cika a buɗe masa hanya ya bi kwata, lakar ta kwanta a ƙasa. Da za su tashi, ƙasa suka tura a kai." Fuloti na huɗu daga bakin ramin shi ne wanda ake nuna wa ƙanina.

Tun ranar nake kan matsaya guda. Duk filin da aka taɓa yin masana'anta a kansa, kada a yarda a yanka shi fulotai, kada a gina makaranta ko asibiti a kai, sai an auna ƙasarsa da ruwan da ke ƙarƙashinta, an kafe sakamakon inda kowa zai karanta, da Hausa. Kuɗin awon kuma ya fito daga aljihun mai sayarwa. Ina son a yi amfani da filayen nan, don barin su kango ma cuta ce ga maƙwabta. Amma awo ne zai faɗi abin da ya dace a ɗora a kai.

Maganar ta wuce fili ɗaya. Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, Kakuri da Makera a Kaduna inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 sauran masaƙu suka biyo bayanta, duk a bayan gari suke lokacin da aka kafa su. Yau gari ya haɗiye su. Rashin wuta da kwararowar kayan waje sun kashe masana'antu da yawa, suka bar manya-manyan filaye masu titi da magudanai a tsakiyar biranen da iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Dole ido ya koma kansu, kuma ya riga ya koma.

"An daɗe da rufewa, ruwan sama ya wanke"

Wannan ce amsar da na fi ji, kuma na san inda ta samo asali. Dattin da muka saba da shi ruɓewa yake yi. Bolar bara ita ce takin bana, tun zamanin da manoman kewayen Kano ke shigowa da jakuna su kwashe ta zuwa gona. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Masu rinin Ƙofar Mata da baba da toka suke aiki. Duk abubuwa ne da ƙasa ke iya cinyewa.

Jimar zamani da sinadarin kiromiyom ake yin ta, kuma kiromiyom dangin ƙarfe ne, haka ma dalmar da ke cikin batirin mota. Irin waɗannan ba sa ruɓewa. In sun shiga ƙasa, ko su zauna inda suke ko su matsa gaba. Nau'in da majema ke amfani da shi yana da sauƙin illa, amma yana iya rikiɗewa ya koma wani nau'in da aka tabbatar yana jawo ciwon daji, musamman in an ƙona tarkacen. Mu kuwa cinna wuta ita ce hanyarmu ta farko ta share fili.

Kuma ba majema kaɗai ba. Masaƙa tana da ruwan rini da sinadaran wanke yadi. Masana'antu da yawa sun binne tankin man dizal saboda janareto, tsohon tanki kuwa yoyo yake yi. Wasu tsofaffin taransifoma na ɗauke da wani mai da ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da shi a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, saboda yana daɗewa a ƙasa, yana taruwa a jikin mutum. Rufin asbestos in an farfasa shi, ƙurarsa na kama huhu, sai bayan shekaru cutar ta bayyana.

Ruwan sama ɗaukar guba yake yi ya kai ta wani wuri. Kashi ɗaya ya bi kwata: rafin Getsi ya kwashi na Bompai ya kai Jakara, Salanta ta kwashi na Sharaɗa ta kai kogin Challawa, kuma a bakin irin waɗannan ruwaye ake noman latas da alayyafo da karas ɗin da muke saye. Ɗaya kashin kuma ya nitse ƙasa, ya je ya tarar da ruwan da za ka haƙa rijiya ka sha.

Wanda yake ganin shekara ashirin sun isa, ya dubi garin Kabwe na ƙasar Zambiya. Mahaƙar dalma ta yi aiki a can kusan shekara casa'in, aka rufe ta a 1994, aka bar tsibin tarkace kamar dutse a gefen gari. Sama da shekara talatin ke nan iska na kwasar ƙurarsa tana zubawa a unguwannin talakawa irin su Makululu da Kasanda da Chowa. Yaran da aka haifa shekaru bayan rufe mahaƙar, in an gwada jininsu, sai a sami dalma mai yawa. A 2016 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 65 don gyaran wuraren da haƙar ma'adinai ta gurɓata a ƙasar, har da Kabwe. An gyara wasu gidaje, amma tushen ƙurar na nan. A 2020 aka kai kamfanin Anglo American ƙara a Afirka ta Kudu a madadin yara da matan garin, kamfanin ya ce ba alhakinsa ba ne. Ana ta shari'a, yara na ta wasa a ƙasar.

Mu a kan ƙasa muke rayuwa

Akwai abin da ya sa wannan lamari ya fi tsanani a wurinmu, kuma ban cika jin ana faɗinsa ba. Talakan Kano in ya sayi fuloti ba ya shimfiɗe shi da kankare. Ɗaki biyu zai fara ginawa ya tare, tsakar gida ta zauna ƙasa tsantsa shekara da shekaru. A nan jariri zai koyi rarrafe, ya damƙi ƙasa ya kai baki. A nan za a shanya tsaki da kuɓewa, a nan za a yi tankaɗe, a nan kaji za su yi tono, a nan uwargida za ta dasa zogale da rama a bakin makwarara.

In kuɗin bulo bai samu ba, ƙasar filin za a haƙa a kwaɓa a yi tubali, wato gubar ta tashi daga ƙasa ta zama bangon ɗakin kwana. Ruwan famfo ba ya zuwa, saboda haka abu na farko da ake yi kafin a sa harsashi shi ne rijiya. Wanda ya haƙa burtsatse kuma 'yan garuwa zai sayar wa, su rarraba wa unguwa. In hunturu ya kama, ƙurar filin ta shiga kowane kwano.

Na sha ganin gangunan da aka kwaso daga irin waɗannan kangaye a bakin titi ana sayarwa. A ɗauraye su da omo, su koma mazubin ruwan sha a gidan amarya.

"Mun zauna shekaru, ba abin da ya same mu"

Wani maƙwabcin filin ya faɗa mini haka, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Matsalar ita ce dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ba lalle ta kwantar da yaro ba. Ƙwaƙwalwarsa take taɓawa tun tana girma. Yaro ya taso ba ya riƙe karatu, allo ɗaya ya yi wata a kansa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Mace ta yi ɓari, a ce iska ce. Magidanci ya kamu da hawan jini ko ciwon ƙoda, a ce shekaru ne. Ba mai waiwayar ƙasar tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba.

Mu 'yan Arewa mun ga ƙarshen wannan da idonmu. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Duwatsun zinare ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Sama da yara 400 suka rasu. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, don farfaɗiya da suma duk ana ganinsu a waɗannan cututtuka. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ba ina nufin kowane kango Dareta ba ne. Abin da aka samu a can ya kai maƙura, yawancin filayen masana'antu ba za su kai ko kusa ba, wasu ma za a auna a tarar lafiya lau suke. To amma da ido ba a rarrabe mai lafiya da marar lafiya. Na ga shuɗin ƙasa ne kawai don ramin nan a sama yake. Abin da ke gaba biyu a ƙasa ba ya nuna kansa.

Masu cewa Allah ne ke tsarewa gaskiya suka faɗa, kuma ba mai jayayya da su. Amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ba wanda ke shan ruwan da ya ga mushe a ciki ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

"Wannan aikin ƙasashe masu kuɗi ne"

Nan ne nake so a ɗan tsaya, don mutane na ɗauka awon ƙasa sai an ɗauko Turawa da jirgi.

Matakin farko ba ya cin komai sai zama da saurare. Mutanen da suka yi aiki a masana'antun nan suna raye, suna nan cikin unguwanninmu, da yawansu har yau ba a biya su haƙƙinsu na barin aiki ba. Mai gadi ya san inda tifa ke juye shara da dare. Lebura ya san inda tanki yake a binne. Makaniken janareto ya san kusurwar da ake zubar da baƙin mai. A cikin minti biyar dattijon nan ya gaya mini abin da injiniya zai yi mako yana nema. A zauna da irinsu, a ba su ladansu, a zana taswira daga bakinsu, a haɗa da tsofaffin zanen gini da ke ofisoshin tsara birane. Kuma a yi sauri, domin kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka sani.

Sannan awon kansa. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa, cikin ɗan lokaci ta nuna yawan dalma da danginta. Da irinta aka bi gida-gida a Zamfara. Ba ta ganin mai da sauran sinadarai, kuma ba ta rarrabe nau'in kiromiyom, saboda haka sai an ɗebi samfurin ƙasa daga sama da kuma zurfi, an ɗebi ruwan rijiyoyin kewaye da rani da damina, an kai ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakunan kuwa muna da su. Jami'ar Bayero na nan. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta binciken makamashi, akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, akwai cibiyar fasahar fata a Samaru. A Kaduna akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando. Ɗaliban waɗannan wurare sun daɗe suna auna ruwan Jakara da Challawa don rubuta kundin digiri, kundin ya ƙare a kan kanta. Ilimin na nan, ba a dai haɗa shi da teburin da ake sa hannu a takardar fili ba.

Gyaran ma ba kullum yake buƙatar manyan injuna ba. A Zamfara mutanen ƙauyukan ne aka ɗauka aiki, suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna aka kai ramin da aka tanada aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun dage a kan sai an tsabtace gari kafin a ɗora yara a kan magani, tunda yaron da aka cire wa dalma daga jini in ya koma gidan da bai gyaru ba, sake kwasa zai yi. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega suka yi ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin.

Kuma ba dole ne kowane fili ya koma gidan zama ba. Wanda awo ya nuna yana da lafiya, a yanka, Allah ya sa albarka. Wanda gubarsa ta taru a kusurwa ɗaya, a kwashe kusurwar. Wanda ta bazu a cikinsa, a rufe shi da kankare ya zama sito, ko tashar manyan motoci, ko filin faranten sola, ko rumfunan masu walda da kafintoci da suke neman wurin aiki suna tare bakin titi. A hana haƙa rijiya, a hana lambu, a hana ajin yara. Masu kiran a farfaɗo da masana'antu ma a nan muka haɗu da su, don filin da bai dace da jariri ba sau da yawa ya dace da inji.

In ana maganar tsada, a tuna da ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, wadda malalar man fetur ta gurɓata. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a rijiyoyin Nisisioken Ogale ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance. Rahoton ya ce gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya. Garin da ba shi da kuɗi shi ya fi buƙatar ya auna tun fili na fili, domin in gidaje dubu suka hau kai, ba shi da abin da zai tashe su da shi.

Wa zai biya?

Mai sayarwa. Filin masana'anta in aka sauya manufarsa ya koma na gidaje, kuɗinsa ninkawa yake, kuma sa hannun hukuma ne ya ninka shi. Ba zalunci ba ne a ce daga cikin wannan riba a cire kuɗin awo da na gyara.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ba ya sayar da filinsa bisa doka sai da amincewar gwamnan. Sauya manufar fili ma sai da izini. Ƙofar ke nan da kowane babban fili zai bi, kuma a nan ya kamata a tsaya. Hukumomin filaye da na tsara birane, wato KANGIS da KNUPDA a Kano, KADGIS da KASUPDA a Kaduna, su ƙara sharaɗi ɗaya: fayil ɗin da ya nuna an taɓa yin masana'anta ba zai wuce ba sai da sakamakon awo. Inda mai masana'antar ya ɓace ko ya karye, banki ko magada ko gwamnatin da ta karɓi filin su ne masu sayarwa, nauyin na kansu. Wanda ba shi da mai shi sam, jihohi na karɓar kasonsu na asusun muhalli daga tarayya, kuma irin wannan aiki aka yi asusun dominsa.

Dokokin muhallinmu kusan duk bayan ɓarna aka yi su. Sai da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Dokar tantance illar manyan ayyuka ta zo a 1992, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA a 2007. Hankalinsu ya fi karkata ga abin da sabon aiki zai yi wa ƙasa. Abin da tsohuwar ƙasa za ta yi wa sabon mazauni, musamman mai sayen fuloti ɗaya a hannun dillali, shi ne giɓin da nake so jihohi su cike.

Ko da babu doka, addini ya riga ya yi magana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu a ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Tifa biyu ta jar ƙasa a kan ramin magani daidai take da busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe. Malamanmu sun karantar da mu cewa mai saye na da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ina roƙon su faɗi wannan a kan mumbari, su ambaci fili da sunansa, yadda suke ambaton mudu da sikeli.

"Takardar awon ma sayar da ita za a yi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Mun san yadda sabon sharaɗi ke zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Ana iya zama a ofis a buga hatimin "an auna, lafiya lau" ba tare da an taka filin ba, sai talaka ya ƙara biyan kuɗi, ya kuma sami kwanciyar hankalin ƙarya. Wannan ya fi rashin awon muni.

Maganinsa a yi komai a fili. A ɗebi samfur da rana tsaka a gaban mai unguwa da wakilan maƙwabta. A raba shi biyu, a kai ɗakunan gwaji biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. A fitar da lambobin da aka samu tare da iyakar da aka yarda da ita, kowa ya kwatanta da kansa. A manna a jikin katangar filin, a karanta a rediyo, a sa a intanet, a liƙa a fayil ɗin filin ya bi shi duk hannun da ya koma. Wanda ya sa hannu kuma sunansa ya fito, ya san in ƙarya ta tonu shi za a nema.

Na dage a kan bayyanawa ne saboda abin da ya faru a Love Canal, a garin Niagara Falls na Amurka. Wani kamfanin sinadarai ya binne tarkacensa a wani rami, ya rufe, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala ɗaya. Ya ma rubuta gargaɗi a takardar cinikin. Aka gina makaranta, ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi suka sayi gidaje a kewaye, ba wanda ya nuna musu takardar. A 1978 aka fara kwashe ɗaruruwan iyalai bayan guba ta ɓullo a gidajensu, a 1980 Amurka ta yi dokar tsabtace irin waɗannan wurare. Gargaɗin na nan a rubuce duk tsawon shekarun, a cikin durowar ofis.

Za a ce masu awon igiya ba sa bi ta ofis. Haka ne, amma suna bi ta wurin mai unguwa da dagaci, don su ke shaida ciniki. Masarauta na iya umartar su kada su sa hannu a cinikin fuloti a tsohon filin masana'anta sai sun ga sakamako. Filayen nan kuma ba ɓoyayyu ba ne, kowanne na da lamba a taswirar gwamnati.

Waɗanda suka riga suka gina

Kada a tunkare su da maganar rusau. Kanawa sun san zafin wannan kalma, kuma ranar da mutane suka ji awo na nufin katafila, ranar za su rufe ƙofa su hana a ɗebi ko cokali ɗaya na ƙasa. Su aka cuta, taimako ya kamace su.

A fara da rijiyoyinsu. Wadda ta gurɓata a rufe, a kawo musu ruwa daga wani wuri kafin a rufe ta. A gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. A taimaka a yi wa tsakar gida daɓen siminti. A gaya wa iyaye mata gaskiya da harshen da suke ji: a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a ci ganyen da aka shuka a gidan. Ƙananan abubuwa ne, amma suna rage abin da ke shiga cikin yaro yau, kafin a gama gardamar wanda zai biya.

Ƙanina bai ji daɗina ba a ranar. A hanyar komawa ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce, "Yaya, kai kana da gidanka." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Mai gida ne ke da sararin zaɓe, mai haya kuwa wa'adi ke binsa. Na ce masa mu roƙi mai filin ya bar mu mu ɗebi ƙasa mu kai awo, ni zan biya. Dillalin ya dawo da amsa cewa mai fili ya ce wanda ba ya so ya bari, akwai masu jira. Ƙanina ya fasa, ya sake biyan hayar shekara daga cikin kuɗin da ya tara.

Bayan sallah na sake bi ta wurin. Dattijon ba ya nan, an rushe ɗakin gadin. A fuloti na huɗu an sa harsashin ɗaki biyu, wata mata da goyo ta kawo wa leburori abinci, wani yaro ɗan kamar shekara uku na zaune a ƙasa yana cika gwangwani da yashi. Na yi sallama da mai wurin, na gaya masa abin da dattijon ya gaya mini, na nuna masa inda ramin yake. Ya saurare ni da ladabi, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. A kusurwar filin masu haƙar rijiya sun kai gaba uku.